Kunne a Amurka, gangar jiki a Agege

Ƙannena masu son shiga aikin mayar da muryar likita rubutu daga gida, tambayarku kusan ɗaya ce: nawa ake samu, wace kwamfuta za a saya, janareta ko inbata. Duk suna da amsa. Amma akwai abin da ba ku tambaya ba, kuma shi ya fi cin mai wannan sana'a: yadda take raba mutum da jama'a sannu a hankali, ba tare da ya yi faɗa da kowa ba.

Likita a Amurka zai duba marar lafiya, ya naɗi bayaninsa da baki, a turo miki sautin ta intanet. Abin sauraro a kunne, ƙafa a kan fedar da ke tsayar da sautin ko mayar da shi baya, yatsu suna ta bugu. Yanzu ma sau da yawa na'ura ce ke fara rubutawa, ke ki bi bayanta kina gyara shirmenta. Kan layi ake biya, kuma a yawancin kamfanoni haruffa 65 ne layi guda. To, daga wannan lissafi matsalar take farawa. Maƙwabciya ta yi sallama, baki yana amsawa, zuciya tana ƙirga layukan da suka wuce. Na daɗe ina yi wa mutane irin wannan tarba, kuma mutum ba ya buƙatar a faɗa masa cewa an ƙosa ya tafi. Da kansa yake ganewa, ya daina zuwa.

Sai batun agogo. Legas na gaban New York da awa 5 a lokacin zafinsu, awa 6 a lokacin sanyi. Kalifoniya kuwa 8 ko 9. Likitan da ya kammala aiki ƙarfe 5 na yamma a New York, a nan goma ko sha ɗayan dare ta yi. Sai na rungumi aikin dare gaba ɗaya, har ina jin daɗi: unguwa shiru, intanet na gudu, ba mai ƙwanƙwasa ƙofa. Ina idar da Asuba sai barci, ba na tashi sai Azahar. Ashe duk abin da ke haɗa mutane, koko da ƙosan safe, rakiyar yara makaranta, zanen suna, jana'izar da ake yi da hantsi, a cikin waɗannan sa'o'in yake faruwa. Da zan sake farawa, zan nemi zangon da ke ƙarewa wajen ƙarfe ɗaya na dare ko da kuɗinsa bai kai ba. Bambancin agogon nan ma yana iya zama alheri: kafin asibitocin New York su fara aiki sosai, nan an yi Azahar, safiya gaba ɗaya taki ce in ba ki sayar da ita ga barci ba.

Abin da ya fi yaudarata shi ne muryar kanta. Dare guda kina jin mutane na magana a kunnenki, har ki san likitan da ke tauna abinci yana bayani, da wanda ke haɗiye ƙarshen kalma. Sai ki ɗauka kin wuni cikin mutane. Alhali a cikinsu babu wanda ya san da ke, balle ya ce ina kwana.

Ga kuma sirri. Amurka na da dokar HIPAA, mai kare sirrin marasa lafiya, tun 1996, mu ma muna da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma kafin a ba ki aiki sai kin sa hannu cewa abin da kika ji ya tsaya a kunnenki. Daidai ne, amana ce. Sai dai tela na iya ba da labarin mai kayan da ta ishe ta, mai abinci ma haka, ke kuwa kin kwana kina rubuta bayanin yaron da sankara ta kama, kuma ba ki da bakin faɗa. Ni sai na zarce gona da iri, na yi shiru a kan komai, har gajiyata na mayar da ita sirri. Sirrin marar lafiya daban, nauyin da ke zuciyarki daban. Ba laifi ki ce wa maigida ko yayarki, “Jiya na rubuta abin da ya hana ni barci,” ba suna, ba gari, ba asibiti.

Ku nemi abokan sana'a tun ranar farko, ko da mutum uku ne a WhatsApp. Su kaɗai za su gane haushin da ke cikin rasa bambance hydroxyzine, maganin ƙaiƙayi, da hydralazine na hawan jini, daga bakin likita mai sauri. A tambayi kalma, a yi dariya, a yi ƙorafin wutar lantarki. Amma kada wanda ya kuskura ya tura guntun sauti cikin zauren don a taya shi saurara. In kalma ta gagara, a bar gurbinta, a yi wa masu duba aiki alama. Kuma ku riƙa haɗuwa ido da ido lokaci-lokaci, ko shinkafa ce a ci tare.

Domin Legas ba ta bin sawun kowa. A Kano ko Katsina in an kwana biyu ba a gan ki ba, wata za ta aiko yaro ya duba lafiya. A nan kowa yana da uzurin goslo, kuma ana karɓar uzurin, shi ya sa ɓacewa ke da sauƙi. Mahaifiyar wata ƙawata ta rasu a Idi-Araba, na tura ta'aziyya ta waya, na ce aiki ya riƙe ni. Da muka haɗu da gwaggona daga baya, kallona ta yi ta ce, “'Yar nan, ai mun ɗauka kin koma Arewa.” Ba ta ƙara ko kalma ba, kuma har yau ƙawar nan gaisuwa kawai ke tsakaninmu. Zumunta a ƙafa take, ba a yatsa ba. Ga shi tun 2024 jirgin ƙasa na Jan Layi yana tsayawa a Agege, ya bi ta Ikeja da Oshodi da Mushin har Oyingbo, don haka uzurin ma ya fara ƙarewa.

Abin da ya yi mini magani ba niyya ba ce, don niyyar “zan leƙa su wannan makon” ba ta taɓa fitar da ni daga ɗaki ba. Ɗaure kai ne da abin da in ban je ba za a nemi ba'asi. Na koma Islamiyyar Asabar da Lahadi, na karɓi riƙon littafin adashe, na kuma ce zubin hannu da hannu za a riƙa kawowa, ba tiransifa ba. Wasu sun yi gunaguni, amma suna zuwa, kuma ba mai ajiye kuɗi ta juya ba tare da an taɓa hira ba. Ku maza naku ya fi sauƙi, in kun ga dama: jam'i a masallacin unguwa, da zaman teburin mai shayi bayan Magariba kafin aiki ya sauko.

In kin ga ƙarar waya na ba ki haushi, sallama na faɗar miki da gaba, barci ya ƙi ko kuka na zuwa ba dalili, kada ki ce gajiya ce kawai. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya kwatanta illar rashin cuɗanya da mutane da shan taba har kara 15 a rana. A je a ga likita. Mu da muke rubuta bayanan marasa lafiyar wasu, kunya ba ta kama mu ba.

Sannan ku riƙe kalandarsu a hannu. Aiki yakan ja baya a bikin godiyarsu na Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba da kuma Kirsimeti, to a ajiye ziyarar Ikorodu ko Mile 12 a waɗannan ranaku. Sallah kuwa ba ta cikin lissafinsu ko kaɗan. Ku rubuta neman hutunta tun azumi bai kama ba, ku nemi kwana biyu a jere saboda ganin wata, ku kuma samo wanda zai riƙe muku layukanku, ku biya shi da nasa hutun in ya zo.