Talo-talo Biyu a Hanyar Lafayette

Tun ba mu fita daga Houston ba gardama ta kaure, Yaya na ƙoƙarin cusa kula ta biyu a but ɗin mota. Anti ta ce ita dai nata talo-talon a oben za ta gasa shi kamar yadda ta saba, shi kuwa ya ce bana sai ya ci soyayye ko da sau ɗaya ne a rayuwarsa. Ni da na zo hutun mako uku daga Kano, ina tsaye da jakar yara a hannu, sai aka mai da ni alƙali. Na ce ni ɗan gidan da ake suyar rago biyu duk Babbar Sallah ne, don haka hukuncina a bayyane yake. Anti ta harare ni ta ce, "Dama yaushe ƙanin miji ya taɓa bin bayan gaskiya?"

Alhamis ce, 23 ga Nuwamban 2023, ranar bikin da Amurkawa ke kira Thanksgiving, wato ranar godiya, wadda suka saba cin talo-talo a cikinta. Kullum Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba yake faɗowa, kuma Abraham Lincoln ne ya ayyana shi bikin ƙasa a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasarsu. Wanda ya gayyace mu wani dattijo ne da suka yi aiki tare da Yaya kafin ya yi ritaya ya koma ƙauyensu kusa da Lafayette, a jihar Louisiana. Da yake ya san mu Musulmi ne, shi da bakinsa ya ce mu taho da namanmu yankan halal, shi kuma zai sayi sabon mai ya wanke tukunya. Talo-talo biyu Yaya ya saya, kowanne nauyin fam 12, kusan kilo biyar da rabi ke nan.

Muna idar da sallar asuba muka hau babbar hanyar I-10 muka fuskanci gabas. Tafiyar kusan kilomita 350 ce. Daga Houston zuwa Beaumont ba abin da ya ɗauki hankalina sai matatun mai da tankunansu. Mun haye kogin Sabine, iyakar Texas da Louisiana, sai gadar Lake Charles, wadda ta yi tozo sama har yara suka yi tsit a bayan mota. Bayan ta ne ƙasa ta shimfiɗe. Wajen Jennings da Crowley gonakin shinkafa ne iya ganinka, wasu an cika su da ruwa ana kiwon wani ɗan'uwan jatan-lande a ciki. Ba don babu kowa a bakin kunya riƙe da fartanya ba, da sai in ce hanyar Kura nake bi. Sunayen da ke jikin shaguna da alluna kuma na Faransanci ne. Yaya ya ce mutanen yankin, da ake kira Cajun, jikokin Faransawan da Ingilishi suka fara kora daga gabashin Kanada ne a 1755, kuma su ne suka yi suna da soya talo-talo sukutum.

Wajen ƙarfe goma muka isa. Anti ko zama ba ta yi ba, ta buɗe kula ta laluba duka biyun, ta ɗauki guda ta shige kicin wurin matar gidan. Sai daga baya muka gane dalilin lalubawar. Da dattijon ya zura hannu cikin wanda ta bar mana, sai ya zaro shi yana girgiza kai: akwai ƙanƙara a ciki. Ashe firjin Yaya ya cika, guda ɗaya ya sauko da shi daga firiza ranar Litinin, ɗayan sai daren Talata, alhali mai wannan nauyi kwana uku yake bukata, kwana guda ga kowane fam huɗu zuwa biyar. Na ce, "Yaya, ai ba a fafe gora ranar tafiya." Ya ce in rufe masa baki.

Ni fa a lokacin ban ga abin tayar da hankali ba. A gida mun sha jefa nama da danshinsa cikin kasko, ya yi tartsatsi ya lafa. Dattijon ya zaunar da ni ya yi mini bayani kamar ɗan makaranta. Ruwa ya fi mai nauyi, don haka ƙasan tukunya yake nutsewa, zafin man kuma ya ninka na tafasar ruwa kusan sau biyu. Nan take ruwan zai zama tururi, ya kumbura fiye da ninki dubu, ya ɗago man ya zubo da shi kan wutar gas. Yanka-yankan nama a kasko daban, kilo biyar a cikin lita 11 na tafasasshen mai daban. Ya ce a duk shekara ba ranar da ake gobarar girki a gidajen Amurka kamar wannan rana. Shi ya sa ya kafa murhunsa can tsakiyar fili, nesa da gida da rumfar mota, ga abin kashe gobara a gefe.

Sai ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ya sa talo-talon a tukunyar, wata doguwa kamar ƙaramar ganga, ya zuba ruwan sanyi har ya rufe shi, yana canzawa duk rabin awa. Da ƙanƙarar ta narke ya cire naman, ya yi alama a inda ruwan ya tsaya: iyakar man da za a zuba ke nan. Aka goge tukunya, aka goge naman ciki da waje har ya bushe ƙarau. Ya ɗauko wani ƙaton sirinji ya yi ta yi wa ƙirji da cinyoyi allurar narkakken bota da tafarnuwa da jan barkono. Da ya fasa kwalin mai na karanta jikinsa, sai na yi dariya. Man gyaɗa ne. Ya ce shi suka fi so don yana jure zafi bai yi hayaƙi ba. Na ce masa garinmu har dala aka taɓa ginawa da buhunan gyaɗa.

Duk wannan lokacin ƙamshin na Anti ya cika gida. Tun sha ɗaya saura ya shiga oben, takan leƙa ta ɗebi man da ya tsatso ta kwarara masa a ka. Ta taga take yi mana dariya.

Da ma'aunin zafi ya nuna 350 a lissafinsu, kimanin 175 a namu, dattijon ya kashe gas ɗin gaba ɗaya, ya sa safar hannu mai kauri, ya rataya talo-talon a ƙugiya ya fara sauke shi a hankali, a hankali, kamar mai zura guga a rijiya mai zurfi. Ya fi minti guda yana yi. Man ya yi ta ruri yana tasowa, ni da na yi ta cika baki a Houston sai ga ni na ja da baya taku biyar. Bayan ya nutse aka sake kunna wuta. Minti uku da rabi ga kowane fam, minti 42 ke nan, alhali na Anti ya ci awa uku. Maƙwabta biyu suka shigo suka tsaya tare da mu, kowa ya zuba wa tukunya ido yana ba da shawarar da ba a nema ba. Nan dai na ga maza iri ɗaya ne a ko'ina. Aka ɗago shi ja wur, aka soka ma'auni a tsoka ya nuna 165 a lissafinsu, alamar ya nuna, aka ajiye shi ya huce.

A kan tebur ban ɓoye ra'ayina ba. Soyayyen ya fi. Fatarsa ƙaras-ƙaras, tsokar ƙirjin da kowa ke kuka da bushewarta ta fito da laushi, kuma ba ta sha mai ba ko kaɗan. Amma da aka zo zuba romo a kan dakakken dankali, na Anti aka nema, don daga ruwan da ya taru a farantin gashi ta haɗa shi da fulawa. Tukunyar suya ko cokali ɗaya ba ta bayar ba. Har dattijon sai da ya miƙa hannu ya kwarara romonta a kan soyayyen namansa. Anti ta dube ni ta ce, "To, alƙali, sai ka rubuta wannan ma."

Da la'asar na tambayi dattijon yadda zai yi da man. Ya ce shi sau ɗaya yake suya a shekara, zai kai inda ake karɓar tsohon mai. Lita 11 na man gyaɗa, suya ɗaya! Zuciyata ta ƙi. Na jira ya huce, na nemi rariya da tsumma mai tsabta na tace shi, na mayar cikin jarkarsa, na tokare ta tsakanin kuloli biyu a but. Duk inda Yaya ya taka birki a hanyar komawa sai na waiwaya. Ranar Asabar da safe Anti ta soya mana ƙosai da shi, yara suka ce, "Baffa, ƙosan nan ƙamshin talo-talo yake yi."