Zaɓen Dandalin Baje Kolin Aiki ga Ɗalibi Mai Kammala Karatu

Sana'armu a wannan ɗan ƙaramin kamfani da ke Zariya ita ce gina shafukan intanet, kuma duk lokacin da zangon ƙarshe ya kusa ƙarewa, ɗaliban zanen gine-gine da na fasahar zane daga Jami'ar Ahmadu Bello ne ke cika mana ofis. Kowannensu yana son wurin da zai baje ayyukansa domin masu ɗaukar ma'aikata su gani, kuma kusan kowa da tambayar wane dandali ya fi kyau yake farawa. Ni kuwa ba na ba da amsa sai na ga aikin da ya kawo, na kuma san abin da aljihunsa zai iya ɗauka idan ya tafi hidimar ƙasa.

Wix yana da sauƙin sarrafawa, amma tsarinsa na kyauta yana ɗauke da tallar kamfanin, kuma ba a iya kwashe shafin da aka gina a can a mayar da shi wani wuri. Squarespace ya iya fito da hoto, sai dai bayan gwajin kwana 14 dole a biya, da dala kuma. Adobe Portfolio yana tafiya ne tare da rajistar Creative Cloud, wato ƙunshin manhajojin kamfanin Adobe da ake biyan kuɗi a kai, don haka idan rajistar ta yanke, shafin ma ya sauka. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta kan samu biyan buƙata a GitHub Pages ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Amma wanda yake son abin da zai riƙe shekara da shekaru, WordPress nake ba shi shawara, wanda tun 2003 ake amfani da shi, domin mai shi yana iya ɗaukar kayansa ya koma duk inda ya ga dama.

Inda gwanintarmu take shi ne wajen hotuna. Ɗalibin gine-gine zai kawo zane mai nauyin gaske, wanda idan aka ɗora shi yadda yake, mai dubawa zai gaji da jira ya rufe shafin, datarsa kuma ta tafi a banza. Muna bin hotunan ɗaya bayan ɗaya muna rage musu nauyi ba tare da siraran layukan zanen sun dushe ba, sannan mu gwada shafin a ƙaramar waya inda sabis ba shi da ƙarfi. Wannan haƙuri na koye shi ne a shagon kafe, zamanin da ake sayen lokaci da tikiti, ina rubuta HTML, wato harshen da ake gina shafukan intanet da shi, a manhajar rubutu ta Notepad, hoto guda yana buɗewa kaɗan-kaɗan daga sama zuwa ƙasa alhali mintunana suna ƙarewa. Muna kuma zama da ɗalibi mu tace ayyukansa, domin mafi yawansu so suke su zuba duk abin da suka yi tun daga ajin farko, wanda hakan kan binne nagartattun.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu kwaikwayon sana'ar, waɗanda ke sauke samfurin shafi na sata, su canza suna da launi, su karɓi kuɗi kaɗan, sannan su yi rajistar adireshin shafin da sunan kansu. Bayan shekara guda shafin ya ɓace, wayarsu kuma a kashe. Su ne suka sa mai ciniki zai zauna yana ce mini, "Malam, ai wannan abu kyauta ne a intanet," yana neman a raba farashi biyu. A wajenmu, adireshin da ya ƙare da .com.ng da sunan ɗalibin da imel ɗinsa muke yi masa rajista, mu miƙa masa kalmomin sirrinsa, mu kuma nuna masa yadda zai ƙara sabon aiki da hannunsa kafin ya bar ofis.