Bakatsine a kan allon iska a Dahab

Mu a Katsina iska ba abin wasa ba ce. In ta taso gabanin ruwan farko, kwashe shanya ake yi, a kama yara a shige ɗaki, ana addu'ar kada ta yaye kwano. Shi ya sa da ƙanena da ke karatu a Azhar ya ce mu bar Alƙahira mu je Dahab hutu, wai can har kuɗi ake biya iska ta ja mutum a kan teku, na ɗauka tsokana ce irin tasa.

Dahab ƙaramin gari ne a Sina'i, bakin mashigin tekun Aƙaba, arewa da Sharm el-Sheikh. In gari ya yi wasai kana hango duwatsun Saudiyya a tsallake. Duwatsu nan, duwatsu can, sai iskar arewa ta biyo ta tsakiya a matse. Ita ce ke kawo Turawa, mu kuma ta same mu a banza.

Kayan wasan ba su da yawa: allo mai faɗi da za ka tsaya a kai, doguwar sanda a tsaye ɗauke da ƙyallen da ke kama iska, da wata sandar a gicciye wadda kake riƙewa da hannu biyu. Ba inji, ba sitiyari. Kwanakin farko na koya a wani lungun ruwa da yashi ya kare, har na fara tafiya ina juyowa.

Ranar da nake son ba ku labari, tun da hantsi yashi ke tsikarar ƙafa. Mai koya mana ya dubi ruwa, ya karɓe ƙyallena mai murabba'in mita 5, ya ba ni na 3.5. Ya ce ƙarfin iska ba ya ba shi tsoro, yankewarta ce matsala. Kafin ta iso ruwan sai ta ratsa gine-ginen otal, ta zo a gutsuttsure. Kuma in gudunta ya ninka, nauyin da take dannawa a ƙyalle sau huɗu yake ƙaruwa. Wannan lissafin a kafaɗuna na ji shi.

Ga yadda abin yake. Kana jingine baya da dukan nauyinka, ƙyalle ya cika, allo na tsaga ruwa, sai ɗif, iska ta ɗauke. Babu abin da ke riƙe da kai, ka faɗa ta baya, ƙyalle ya rufe ka. Ka hau, ka jawo igiyar ɗaga ƙyallen da ƙyar, kafin ka daidaita ƙafa wata ta fizgo ta wurga ka gaba. Duk wanda ya taɓa hawan dokin da ke tutsu ranar Hawan Bariki ya san irin wannan fizgar. Ruwan nan kuma gishirinsa ya fi na yawancin tekuna, na sha har maƙogwaro ya yi ɗaci.

Abin da ya cece ni kallon ruwa ne. Iska mai ƙarfi tana da alama: za ka ga fuskar ruwa ta yi duhu tana gudu zuwa gare ka. Da ka gan ta sai ka durƙusa kaɗan, ka sassauta hannun baya, rabin iskar ta zube. Wanda ya ce zai gwada ƙwanji da ita, shi ne kwalekwalen ceto ke zuwa ɗaukowa, don iskar wurin daga tudu take turawa zuwa cikin teku.

Ƙanen nawa fa? Yana inuwa yana shan shayin Badawiyyai, yana ɗaukar bidiyo, yana ihun "Yaya, riƙe da kyau!" Kafin in fito ya tura wa Hajiya. Da dare ta kira: "Mi ya kai ka? Kai da ko kududdufi ban bari ka shiga ba?"

Da na dawo, abokai suka ce mu sayo allo mu gwada a madatsar Zoɓe ta Dutsin-ma lokacin hunturu. Faɗin ruwa akwai, iska ma akwai. Amma sai an fara samun rigar da ke hana nutsewa da mai kwalekwalen da zai tsaya a kusa, a kuma yi magana da masunta saboda tarunsu. Rabin masu wannan shawarar ko iyo ba su iya ba.