Daren da aka shaƙe gimbiya a bakin kogin Tems

Sanyin Janairun 2014 ya kusa hana mu tafiyar. Ni da Yaya, wadda ta zo duba ni, muka hau jirgin ƙasa daga Lids, awa biyu da 'yan kai muka sauka Landan. Bayan magariba muka tsallake Tems ta gadar ƙafa da ke gaban cocin Sen Pol, iska kamar ta yanke kunne.

A watan ne aka buɗe ƙaramin ɗakin wasa na Sam Wanamaker, jikin gidan wasan Globe. Da katako aka gina shi, da kyandir ake haska shi. Bencin kuwa, Allah ya kyauta, bayana bai yafe ba.

Wasan John Webster muka je gani, The Duchess of Malfi, wanda aka buga littafinsa a 1623. Gimbiya ce a Italiya, mijinta ya rasu tana da ƙuruciyarta. 'Yan'uwanta maza biyu, ɗaya basarake ɗaya babban limamin coci, suka hana ta sake aure, suka dasa mata ɗan leƙen asiri a gida. Ita kuwa da bakinta ta nemi Antonio, wakilin gidanta, ta sa masa zobe, kuyangarta na laɓe tana shaida. 'Ya'ya uku suka haifa a ɓoye.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne matar nan aure ta yi, amma karuwa ɗan'uwanta yake kiran ta. Sunanta ya zama kadarar dangi, jikinta ma haka. Har aka tashi, marubucin bai ba ta sunan yanka ba, sai sarauta. A zamaninsa ma namiji ne ke fitowa a matsayinta, don sai 1660 mata suka fara hawa dandamali a Ingila.

Da asiri ya tonu, mutanen ɗan'uwanta suka zo da igiya don shaƙe ta, ba ta roƙi rai ba. Wasiyya ta bari a ba ɗanta maganin mura, 'yarta ta yi addu'a kafin barci. A nan Yaya ta damƙe hannuna.

Muna jirgin komawa ta ce, "Ke, wai ba bazawara ba ce? Ina ruwan biri da gada?"

Na ce, "Yaya, dukiya fa, ga miji ba ɗan sarauta ba."

Ta yi tsaki, ta gyara mayafi, ba ta sake magana ba har Lids.