Bafataken kifi: abin da salmon ya koya mini a bakin tekun Oregon

Shekara biyu cur na yi ina zarya tsakanin Portland da bakin teku ban kama kifin salmon ko ɗaya ba. Tafiyar kilomita 120 ce zuwa Tilamuk, ga kuɗin mai, ga na lasisi, ga sandar fatsa mai tsada da na saya tun kafin in san inda zan jefa ta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ɗan bakin kogi ne. A Yawuri na tashi, da 'ya'yan Sarkawa muka yi wasan ƙasa, na iya ɗaura ƙugiya tun ban iya ɗaura wando ba. Don haka da na zo Amurka ban tambayi kowa komai ba. Ƙannena da kuke zuwa wannan yanki karatu ko aiki, kuna ganin hotunan mutane rungume da kifi kamar ɗan maraƙi, ranku yana biyawa, ku saurara in gaya muku inda na yi ta tuntuɓe.

Tushen ɓatana ɗaya ne. Na ɗauka salmon mazaunin gida ne kamar tarwaɗa ko ƙurungu, waɗanda in ka san gurbinsu bana, baɗi ma can za ka same su. Salmon bafatake ne. A cikin tsakuwar ƙananan koguna ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku yana ƙarami, ya yi shekaru yana kiwo a Fasifik, wani har gaɓar Alaska, sannan ya juyo ya nufi kogin da aka haife shi. Da ya shiga ruwan daɗi ya daina cin abinci, da kitsen jikinsa zai ƙarasa tafiyar, ya zuba ƙwai, ya mutu. Lungunan teku irin na Tilamuk da Nehalem zango ne kawai, inda ayari yake yada kaya ya jira hanya ta buɗe. Ni ina tambayar ina kifi yake zama, alhali masunta na nan tambayarsu ita ce yau ina ayarin ya kai.

Yanayin ma a juye yake da namu, kuma wannan ya ruɗe ni fiye da yadda nake so in amsa. A gida kaka ƙarshen ruwa ce. A nan kaka ce farkonsa. Daga Yuli zuwa Satumba sama a bushe take, koguna su janye, su yi garai-garai, su ɗumama. Ni kuwa a watan Agusta na tafi can saman kogin Wilson, na tsaya a ruwa iya gwiwa ina ƙirga duwatsun ƙasa, ina jefa fatsa daga safe har la'asar. Kifin kaka da nake nema ko teku bai baro ba. A wannan watan jama'a suna Astoriya, bakin kogin Kolumbiya, inda aka saba buɗe kamun kifin da ake kira Buoy 10 ranar 1 ga Agusta, jirage ɗaruruwa suna kai da komo ƙarƙashin doguwar gadar nan da ta haɗa Oregon da jihar Washington. Wasu suna kudu, a bakin kogin Rogue, inda ɗumin kogin yake tsare kifi a mashiga ya hana shi hawa. Tilamuk sai Satumba da Oktoba take tashi, kogunanta biyar kuwa, Wilson da Trask da Kilchis da Miami da Tilamuk ɗin kanta, sai ruwan sama ya sauka.

Salmon kifin sanyi ne. Ruwa ya haura digiri 20 a ma'aunin Selshiyas, ya shiga wahala, ya lafe, ko kallon koto ba ya yi. A bazarar 2015 zafi ya kashe nau'in da ake kira sokayi da yawan gaske a Kolumbiya, har hukuma ta hana kamun kifi daga ƙarfe 2 na rana a yawancin kogunan jihar. Ɗan ma'aunin zafin ruwa bai kai kuɗin abincin rana ba, amma sai a shekarata ta uku na saye shi.

Sai maganar cikowar teku da janyewarta, wadda duk ɗan tudu irina ba ya zuwa da ita a kai. Neja a lokacinsa yake cika, ya ɗauki watanni yana sauka. A nan sau biyu ruwa yake cikowa, sau biyu yake janyewa a kwana ɗaya, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Ni kuwa sai na yi sallar Asuba, na koma na ɗan kishingiɗa, na karya, sannan in kama hanya, in isa lokacin da ya yi mini daɗi. Wata rana a Garibaldi, wani ɗan gari a bakin lungun Tilamuk, wani dattijo yana ɗora jirginsa a mota ni ina isowa, ya dube ni ya ce ƙarfe nawa ruwa ya cika yau? Na ce ban sani ba. Bai yi mini dariya ba, ya dai miƙo mini ɗan littafin jadawalin ruwa, irin wanda shagunan kayan su suke ajiyewa a kan kanta, ya ja motarsa. Kifi da cikowar ruwa yake shigowa lungu, kuma ya fi kai wa koto cafka a ɗan tsakanin nan da ruwa ya gama cika ya tsaya cik kafin ya juya. Wani lokaci minti 40 ne kacal, duk yinin a kansu ya rataya, ni kuma ina isowa an tashi kasuwa.

Daga baya na gane muna da wata riba da ban yi amfani da ita ba. Cikowar teku da wata take tafiya. A tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu ruwa ya fi cika, ya fi janyewa da ƙarfi. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa a hankali yake motsi. Wanda ya saba lissafin kwanan watan Musulunci ya riga ya riƙe rabin jadawalin a ka. In janyewa ta yi ƙarfi a Tilamuk, ciyawar ruwa ce take tasowa ta naɗe zare, kowane minti biyar kana tsinke ta. Kwanakin da ruwa yake tafiya a sannu su ne na zama kusa da mashiga.

Mashigar nan ita ce abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Inda lungu yake buɗewa cikin teku akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa. Idan ruwa yana janyewa ya yi karo da igiyar teku mai shigowa a kan wannan tudu, igiyar takan miƙe tsaye kamar katanga ta karye. Wani abokin aikina yana da ɗan ƙaramin jirgi, muka fita teku da sassafe a watan Yuli, ruwa kwance kamar tabarma. Ba mu kama komai ba sai muka ƙara awa, muka sake ƙara awa. Da rana ta karkata iskar arewa maso yamma ta taso, kamar yadda take yi kusan kullum a bazara, muka juyo muka tarar ruwa yana janyewa. Rigar ceto tana ƙarƙashin kujera, ni na tura ta can da ƙafata da safe, wai ni da na ƙetare reshen Neja da iyo. Igiya ɗaya ta ɗaga mu ta baya, na ga hancin jirgin ya dubi ƙasa, ruwa ya zubo mana iya idon sawu. Kalmar shahada kawai nake maimaitawa. Allah Ya fitar da mu, ba iyawarmu ba.

An ce iya ruwa fid da kai, to amma wane ruwan? Na gida ɗumi gare shi. Wannan ko a tsakiyar bazara bai cika wuce digiri 12 ba, kana faɗawa numfashi ya ƙwace maka, cikin 'yan mintuna hannu ya daina bin umarninka. A mashigar Tilamuk ɗin nan, a watan Yunin 2003, jirgin haya ɗauke da mutum 19 ya kife, 11 suka rasu har da direban, mutumin da ya fi ni sanin wurin nesa ba kusa ba, kuma yawancin mamatan ba su sanye da rigar ceto. Mashigar Kolumbiya kuwa maƙabartar Fasifik ake ce mata. Dogarawan gaɓar teku suna sanar da halin mashiga ta rediyo, suna kunna fitilu masu walƙiya in sun hana ƙananan jirage fita. Ku saurare su. Ku ƙetare lokacin da ruwa yake cikowa, ku dawo kafin ya juya, ko da kifi yana tsalle a gabanku. Rigar kuma a jiki take aiki.

Da na koyi jiran ruwan sama sai na wuce gona da iri. Aka kwana ana tafka ruwa a ƙarshen Oktoba, na ɗauki hutu, na isa Trask gari na wayewa. Kogi ya zama kunun kanwa, ganyaye da rassa suna wucewa. Kifin yana ciki kam, amma gudu yake yi, kuma ko a hancinsa ka sa koto ba zai gani ba. Ana jira ne ruwa ya kai iyakarsa ya fara sauka, launinsa ya koma kore-kore, kana hango abin da ke ƙasa da kamu biyu ko uku. Ƙaramin kogi irin Kilchis ya kan riga Wilson da Trask washewa. Ma'aunin tsayin kogunan yana intanet kyauta, ana sabunta shi a kai a kai. Kwana biyu ko uku ne kasuwar take ci, in ka makara ruwa ya sake yin garau, kifi ya tsorata.

Doka kuwa kada ku yi mata karatun sau ɗaya. Ana sauya ta a tsakiyar lokaci, kogi da kogi, bisa yawan kifin da ya dawo. A Kalifoniya an rufe sun salmon na teku ɗungurungum a 2023 da 2024. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, Matan Fada ma a Argungu ba kullum ake barin kowa ya shiga da homa ba. Manyan nau'i biyu za ku fi haɗuwa da su: shinuk, babban, da koho. A ruwa sukan yi kama, sai ka buɗe baki. Shinuk dasashinsa baƙi ne, ɗigo-ɗigo ya cika wutsiyarsa sama da ƙasa. Koho dasashinsa fari-fari ne, ɗigon a saman wutsiya kawai yake. Akwai kuma 'yar tsoka a gadon baya dab da wutsiya, wadda ake yanke wa kifin gidan ƙyanƙyasa tun yana ƙarami. Kohon da ke da tasa ɗan daji ne, na gaɓar Oregon yana cikin jerin halittun da doka take karewa, sau da yawa sakinsa ake yi ba tare da an fitar da shi daga ruwa ba. Wanda aka halatta maka kuma, kana ɗaga shi za ka rubuta shi a katinka na lissafin kifin da ka kama kafin ka sake jefa fatsa. Ni na ce bari in koma mota in rubuta, hannuna a jiƙe yake. A bakin mota jami'i ya same ni. Cikin ladabi ya rubuta mini tara, kuma gaskiyarsa ce.

Kifin da aka ci ni tara a kansa shi ne na farko da na taɓa kamawa, a watan Nuwamba, can saman kogi. Ƙato ne, ya yi duhu kamar tsohuwar tukunya, bakinsa ya lanƙwashe, haƙora a waje. Na ɗauki hoto na tura gida, 'yan uwa suna ta sa albarka, wani yana cewa ai wannan giwan ruwan Turawa ne. Da uwargida ta yanka sai ga nama fari fat, laɓo-laɓo, ba ja ba maiƙo. Ta dube ni ta ce, Malam, wannan da ransa ka same shi kuwa? Kitsen duk ya ƙare a hanya. Na hana shi ƙarasa abin da ya yi tafiyar shekaru dominsa, mu kuma ko farfesun kirki ba mu samu ba. Kifin ci shi ne wanda yake walƙiya kamar azurfa, in ma ka ga ƙwarƙwatar teku manne kusa da wutsiyarsa to jiya-jiya ya baro gishiri.

Irin wannan sai a kakata ta huɗu na samu, a lungun Tilamuk, takwas ga wata, ruwa ya cika ya tsaya, da koton ɗan kifin herin da aka yanke wa kai a karkace don ya riƙa juyawa. Wani zakin teku, dabba mai ƙirar ayu amma ɓarawon gaske, ya biyo shi har gindin jirgi. Dokar 1972 ta hana a taɓa su, kuma kamar sun sani. Da ƙyar muka riga shi. Kilo 11. Na rubuta shi a kati hannuna yana rawa, na zubar masa da jini nan take, na binne shi a ƙanƙara.

A gida kuma na ɓata rabinsa. Na sa aka tsoma shi a mai aka soya ƙayau kamar ƙarfasa, ya fito a bushe kamar katako. Naman salmon da maiƙonsa yake zuwa, wuta kaɗan yake so, a sauke shi tsakiyarsa da sauran laushi. Rabin da ya tsira na shafe shi da gishiri da yajin ƙuli, na yi masa banda a bayan gida da itacen alda da 'yan asalin yankin suke amfani da shi tun kaka da kakanni, muka yi sati muna gutsura da shayi.