Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Na'ura ko Jakar Ruwa

A makon jiya na tsaya a inda likita ya tabbatar mini cewa ƙodojina sun gaza, kuma sai da wankin ƙoda zan ci gaba da rayuwa. Ya shimfiɗa mini hanyoyi biyu.

Ta farko ita ce wadda kowa ya sani, inda na'ura ke jan jini ta bututu, ta tace shi, ta mayar. Ƙa'ida ita ce sau uku a mako, kowane zama kimanin awa huɗu, bayan an yi tiyata a hannu an haɗa jijiyoyi biyu an jira makonni su yi ƙwari. Na'urar tana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, da ƙwararrun ma'aikatan jinya, da tsarkakakken ruwa da ya kai lita 120 a zama guda, shi ya sa cibiyoyin suka taru a manyan birane. Da yawa daga cikin waɗanda na tarar a layi sau ɗaya suke zuwa a mako, gwargwadon ƙarfin aljihunsu, ƙafafu a kumbure, numfashi da ƙyar.

Ta biyu ce ta fi jan hankalina. Ana huda cikin mara lafiya a sa siririn bututu, shi da kansa ya zuba ruwan wanki lita 2 daga jaka, tantanin da ya lulluɓe hanji ya tsotso dattin jini zuwa cikin ruwan, bayan sa'o'i a zubar a sake sabo, sau huɗu a rana. A Amurka aka ƙirƙiro wannan salo a 1976. Ba ya buƙatar lantarki, ba ya tilasta wa mutum barin garinsu ko aikinsa, kuma yakan fi kare ɗan ƙarfin da ya rage wa ƙoda. A takarda, babu abin da ya fi shi dacewa da ƙasashe masu tasowa. Tailan ta gane haka, domin a 2008 ta sa shi a gaba cikin inshorar lafiyarta, gwamnati na sayen ruwan da yawa ana kai wa marasa lafiya har gida. Sudan ma ta fara shirinta na ƙasa a 2005.

Sai dai lita 8 kullum kaya ne mai nauyi, kuma a ƙasar da ba ta sarrafa ruwan sai an shigo da shi, darajar kuɗi na faɗuwa tsadarsa ta haura. Ga kuma tsafta, domin sakaci kaɗan wajen wanke hannu yakan shigar da ƙwayar cuta, ruwan ya fito a gurɓace, ciki ya ɗauki ciwo mai tsanani.

Na ce wa likita zuciyata ta karkata ga wankin ciki. Ya ce, "Malam, jikinka zai ɗauka, amma ban da tabbacin jakunkunan za su riƙa isowa kowane wata, kuma wannan wanki ba a tsallake masa kwana." A ganina, wanda ke biyan kuɗi da wanda ke kawo kaya su suka yanke hukuncin kafin mu zauna. Na sa hannu a takardar tiyatar jijiya, kuma yadda zamana na farko a kan na'ura ya kasance shi ne labarin mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.