Fijon Baba da lissafin mai inshora

Tun rasuwar Baba, Fijo 504 ɗinsa take hannuna. Fara ce, ƙirar 1982, haɗin Kaduna, daga masana'antar Peugeot ta Kakuri wadda ta fara aiki a 1975. Ba na fita da ita sai Juma'a ko ranar ɗaurin aure. Wata Juma'a kuwa ina dawowa daga Samaru a Zariya, dab da gadar Kwangila, tifar da ke gabana ta taka birki, na afka mata. Laifina ne, ban bar tazara ba. Bonet ya naɗe kamar tabarma, lagireto ya fashe, fitilun gaba suka tarwatse. Ni ko ƙwarzane ban yi ba, alhamdulillahi.

Hankalina bai tashi ba, don cikakkiyar inshora na yi mata. Ba irin ta naira dubu 15 ɗin nan ba, wadda tun Janairun 2023 take biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har miliyan 3, taka motar kuwa ba ruwanta.

Kamfanin ya turo mai kimanta asara, wani saurayi mai ladabi. Ya zagaya motar sau biyu, ya ɗauki hotuna, ya kwafi lambar shasi, ya tambayi shekararta. Bayan mako uku takarda ta iso: wai kuɗin gyara ya fi kuɗin motar, saboda haka za su ba ni dubu 600 su ɗauke ta. Lissafinsu shi ne kowace shekara mota na rage daraja. A kan Corolla ta shekara goma wannan daidai ne. Amma motar da ta haura shekara 40 tana kan ƙafarta, ta gama faɗuwa tun tuni, ta fara hawa.

Na kai takardar wa tsohon makanikenmu na Sabon Gari, wanda tun zamanin Baba shi ke taɓa ta. Ya sa na karanta masa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, yaron nan mota ya gani ko shekara?" Ya kwanta ƙarƙashinta da tocila, ya kira ni na leƙa. Shasi bai lanƙwashe ba, ƙasan ba tsatsa ko ɗigo, lambar injin kuma ita ce dai wadda ke cikin takardun asali. Ya ce yawancin 504 da suka rage sun sha haya, an sauya musu inji ya fi a ƙirga, wasu ma jikin mota biyu aka haɗa. Irin wannan da ba a taɓa ba ita masu so ke nema.

Sai dai bakin makanike ba hujja ba ne a ofis. Hujjar tana cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon Hajiya. Da ta buɗe, warin kafur ya bugo ni. Ga rasit ɗin sayen motar ya yi ja don tsufa, ga littafin sabis da hatimi shafi bayan shafi, har da rasit ɗin batir Baba bai yar ba. Da muna yi masa dariya a kan wannan ɗabi'a. Na haɗa da nawa na fenti da ɗinkin kujeru, na je Panteka a Kaduna na karɓo farashin bonet da lagireto a rubuce, na kuma biya wani mai kimantawa mai zaman kansa ya rubuta nasa rahoton.

Na yi wauta guda. Na buga farashin 504 da na gani a intanet daga Faransa na liƙa a ciki. Saurayin ya nuna mini cewa masu ƙofa biyu ne, tawa kuwa mai ƙofa huɗu ce. Ya ƙara da cewa kuɗin da mai kaya ya yi wa kayansa daban, kuɗin da aka saya daban. Gaskiyarsa. Dole na nemo mutum biyu da suka sayi irinta da gaske, suka yarda na nuna shaidar biyansu.

Rahotona ya ce motar ta fi miliyan 3. Ina murna, sai ya juyo da fom ɗin da na cike ranar yin inshora. "Yallaɓai, ai kai da hannunka ka rubuta miliyan ɗaya da rabi." Haka ne. Kuɗin cikakkiyar inshora ba ya gaza kashi 5 cikin ɗari na ƙimar da ka faɗa, shi ya sa na rage. Araha ba ta ado. Kamfani ba ya biyan fiye da abin da aka rubuta, ko da hujjarka ta cika buhu. Da tun farko na sa an kimanta ta, muka sa hannu a kan ƙima ɗaya, da duk wannan ja-in-jar ba ta taso ba.

Sai da na ambaci kai ƙorafi NAICOM, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora, sannan aka sake zama. Suka janye maganar ɗauke motar, suka biya kuɗin gyara bayan sun cire kason da yarjejeniya ta ɗora mini. Bai isa ba, na cika daga aljihuna.

Yanzu tana Sabon Gari a kan duwatsu. An samo bonet da fitila ɗaya. Tsohon ya rantse ba zai ɗaura mata sabuwar fitilar roba ba, sai ya samo ta gilashi irin ta asali, ni kuma kowace Asabar ina leƙawa in tambaya.